Ba Fuzi Ne Ya Kashe Husainatu Ba

Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairun 2025, daidai da sha uku ga Sha'aban, da ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna na safe, Allah Ya karɓi ran Husainatu Sha'aibu Gwarzo a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan jinyar kwana shida. Shekarunta talatin da takwas. Malama ce a fannin haɗa magunguna. Ta zo ƙasar nan karatun digirin digirgir a kan tallafin gwamnati, saura mata wata bakwai ta gama. Ta bar mahaifiya, da mijinta Malam Adnan, da 'ya ɗaya mai suna Ummi, da 'yan'uwa da dama. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara mu koma.

Sunana Bashira. Gida ɗaya muka zauna da ita a unguwar Danau Kota, hawa na sha huɗu, shekara uku da wata biyar. Ɗalibai 'yan'uwanmu sun ce in rubuta wani abu, tunda ni na fi kowa saninta a nan. Na ce to. Yau kwana sha shida ke nan, kullum na zauna sai in rubuta kwanan wata in tsaya. Ina cin abinci, ina canza jirgin ƙasa a tashar Titiwangsa, ina amsa gaisuwar masu gaisuwa. Mutane suna cewa na yi haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Ban dai fara jin komai ba ne tukuna.

Husainatu, da ke zan yi magana, don ban saba ba da labarinki ga wasu ba.

Ranar da na iso ƙasar nan ke kika tarbe ni a filin jirgi, alhali ba ki taɓa ganina ba. Wata ce a Kano ta ba ki lambata ta ce ƙanwarta na tafe. Kika zo da lema biyu da layin waya. Kafin mu isa gida kika tsaya da ni a mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke bakin layinmu, kika sa aka kawo mana shayi da gurasarsu. Kika tambaye ni abin da na zo karanta, na ce tsarin koyar da lissafi a firamare. Na tambaye ki naki, kika ce, "Ni guba nake nomawa." Na yi dariya. Kika bar ni na gama, sannan kika ciro waya kika nuna mini hoto.

Wani tsiro ne mai tsayi, ya kai ƙirjin mutum. Ganyensa a tsattsage kamar yatsun hannu, furensa shuɗi mai duhu, kowane fure ya rankwafo kamar hular sanyi da aka ja ta rufe goshi. Kika ce asalinsa daga tsaunukan ƙasar Sin yake, ba ya mutuwa a shekara, sai dai samansa ya bushe ya sake tsirowa daga ƙasa. Kika ce komai nasa guba ne, ganye da fure da kara, amma saiwar ta fi. Uwar saiwa tana fitar da 'ya'ya a gefenta, waɗannan 'ya'yan su Sinawa ke kira fuzi, kuma sun fi shekara dubu suna magani da su: ciwon gaɓɓai, sanyin hannu da ƙafa, raunin zuciya. Sai dai ba a taɓa shi ɗanye. Sai an jiƙa shi a ruwan gishiri kwana da kwanaki, an dafa, an yanka, an turara, an shanya. In aka yi gaggawa a ko'ina cikin waɗannan matakai, maganin ya zama ajali.

Na ce me ya kai ki? Ba ki yi mini wani dogon labari ba. Kika ce ke sabara kika zo da niyyar yin bincike a kanta, Farfesa Noraini, wadda ke duba aikinki, ta ce ba ta da kayan aikin sabara, ga abin da take da shi. Kika yi kwana biyu kina fushi, kika yi istihara, kika karɓa. Tambayar da aka ba ki ɗaya ce: in aka turara saiwar a tukunyar matsin tururi, tsawon wane lokaci gubar ke karyewa ba tare da maganin ya tafi ba, kuma ko za a iya samun sakamako iri ɗaya kowane karo. Shekara huɗu na rayuwarki suka tafi a kan wannan tambaya.

Kafin a turara saiwa sai an same ta, kuma ba a yarda ki dogara da ta kasuwa ba, don ba a san shekarunta ko inda ta fito ba. Dole ki noma taki. A nan wahalar take. Fuzi ɗan sanyi ne, Kuala Lumpur kuwa zafi da laima ne shekara zagaye. Shukarki ta farko a ɗakin sanyi na jami'a kika yi ta, cikin tukwane arba'in. Suka tsiro, suka yi kyau, wata uku suka fara rawaya daga ƙasa. Da kika tono ɗaya, saiwar ta narke a safar hannunki, tana wari. Ta biyu ma haka. Ta uku na'urar sanyaya ɗakin ce ta tsaya a hutun mako, kika je ranar Litinin kika tarar da su a kwance. Ranar kika dawo gida da la'asar, kika zauna a kujerar falo da jakarki a kafaɗa har magariba. Da kika tashi alwala sai kika ce, "Bashira, gobe zan je Sentul."

A unguwar Sentul akwai wani tsohon shagon maganin Sinawa, na wata tsohuwa da ake kira Madam Foong. Kin daɗe kina zuwa wurinta kallon yadda fuzin da aka sarrafa yake, mai baƙi da mai fari, kina tambaya tana amsawa da kyar. Wata shida na farko ko kujera ba ta ba ki ba. Ta ɗauka kina cikin masu neman sirrin sana'a su je su cuci mutane. Abin da ya sauya ta, kamar yadda kika gaya mini, wata rana ce da kika ɗauki yanki ɗaya cikin sabon kayan da aka kawo mata, kika ɗaga shi a haske kika ce tsakiyarsa bai dahu ba. Ta karɓa ta duba, ta kwashe buhun gaba ɗaya ta mayar wa mai shi. Washegari ta ba ki kujera, ta ba ki shayi. Ita ce ta ce miki ki daina azabtar da tsiron a cikin ɗakin sanyi, ƙaninta yana da gonar furanni a tsaunukan Cameron, ki je ya ba ki gefe.

Sau ɗaya kika tafi da ni can, cikin watan Oktoban bara. Tafiyar awa huɗu ce a bas, hanya na ta lanƙwasa har na yi amai sau biyu. Gefen da aka ba ki bai fi girman falonmu biyu ba, kin kewaye shi da waya, kin sa ƙofa da kwaɗo, kin rataya gargaɗi da harsuna huɗu. Kika sa mini safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya, kika ce ko da su kada in taɓa komai, don gubar tana bin fata, balle in akwai rauni. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonki. Kunyoyin kin ɗaga su sosai don kada ruwa ya kwanta. Kika durƙusa kina tone gindin kowane tsiro a hankali da yatsa, kina cire ƙananan 'ya'yan saiwa, kina barin biyu mafi girma, kina mayar da ƙasa. Kika bi kina tsinke kawunansu don kada ƙarfin ya tafi ga fure. Guda uku kawai kika bari suka yi fure, a can ƙarshen kunya. Na ce waɗancan fa? Kika ce, "Waɗannan nawa ne. For my eyes kawai."

Da kika nuna mini saiwa ɗaya sai na ga ba ta da maraba da ƙaramin gwaza. Na faɗa miki haka. Kika ce abin da ke hana ki barci ke nan. Kina da burin wata rana a gwada nomansa a Mambila, inda sanyi yake, amma kika ce ko an ba ki izini ba za ki kai iri gida ba sai an sami dokar da za ta tsare shi, don mu mutane ne da in an ce mana saiwa magani ce, jiƙa ta muke yi mu sha.

Ba a yi wata biyu ba maganarki ta tabbata. Duk ɗalibin da ya taɓa aika kaya gida daga nan ya san Alhaji Bilya, mai ofishin aika kaya a Sentul. Ya taɓa tare ki a wani taron suna ya ce ya ji labarin saiwarki, ki haɗa kai da shi a riƙa kai ta Kano a sayar wa masu ciwon sanyi. Kika ce masa a gaban mutane, "Alhaji, in ka kai ta Kano, gawa za ka riƙa kwasa." Ya ji haushi, ya daina amsa gaisuwarki. Ashe ya sa wani abokin kasuwancinsa ya taho masa da ɗanyarta busasshiya daga ƙasar Sin, don ya gwada a kan ciwon gwiwarsa tukuna. Ya jiƙa ta kamar yadda ake jiƙa sassaƙe a gida, ya sha da safe.

Muna karin kumallo ranar wata Asabar matarsa Rahama ta kira ki. Na ji muryarta daga inda nake zaune.

"Anti Husaina, Alhaji ne. Ya ce bakinsa ya mutu, kamar an yi masa allurar cire haƙori. Yanzu kuma yatsunsa, ga amai."

"Me ya sha?"

"Wata saiwa ce ya jiƙa."

"Turo min hotonta now-now. Kada ki ba shi komai, ko madara. Kada ya tashi tsaye."

Hoton ya shigo, kika dube shi sau ɗaya. Kika kira motar asibiti da Malayancinki mai gargada, kika gaya musu adireshin, kika zura hijabi a kan kayan barci muka fita. A cikin tasi kika yage bayan wata takarda kika rubuta sunan tsiron da sunan gubarsa da manyan baƙaƙe, da lokacin da ya sha, da cewa zuciyarsa za a sa wa ido. Muka riga motar asibitin isa sashen gaggawa. Da aka shigo da shi kika miƙa wa likitan takardar. Ya karanta, ya dube ki, ya juya ya ba da umarni da sauri. Ba a fi minti ashirin ba bugun zuciyar Alhaji ya rikice, amma sun riga sun shirya. Kin gaya mini gubar ba ta da makari, abin da ake yi kawai shi ne a riƙe zuciya har jiki ya fitar da ita. Kwana uku ya yi a sashen kulawa ta musamman. Duk kwana ukun ke kike kai wa Rahama abinci, kina kula da 'ya'yanta. Da ya fito ba ki ce masa ai na faɗa maka ba. Kin dai karɓi ragowar saiwar kin kai jami'a an ƙone.

Daga nan duk inda matan Nijeriya suka taru, walima ko karatun Lahadi, sai kin nemi minti biyar. Kina nuna hoton saiwar, kina cewa duk abin da aka ba mutum da rubutun da bai iya karantawa ba, ya kawo miki ki kai wa Madam Foong ta duba. Wasu sun gaji da ke. Suka sa miki suna Anti Guba. Kina amsawa.

Ba zan ce ke mai sauƙin zama ba ce. Kina da tsanani. Shekara uku ba ki taɓa shigo da ko ganye ɗaya na tsiron nan gidanmu ba. Takalmin gonarki a leda yake a wajen ƙofa, rigar aikinki a jami'a ake wanke ta. Lokacin da ciwon baya ya matsa mini, na roƙe ki ki karɓo mini fuzin da aka sarrafa daga Sentul, kika ƙi, kika ce ba ke ce likita ba, kuma ba ki san zuciyata ba. Na yi kwana biyu ba na miki magana. Kwana biyun nan kullum sai na tarar da ruwan zafi a gora a bakin ƙofar ɗakina. Ke ce kika gyara mini babi na uku da aka mayar mini sau biyu, alhali ba fanninki ba ne. Ke ce duk wata sabuwar ɗaliba ta sauka sai ta kwana a falonmu har ta sami wuri. Na ƙirga su jiya, su sha ɗaya ne.

Yanzu zan faɗi yadda aka yi, dalla-dalla, saboda maganar da ke yawo.

Ranar Alhamis, shida ga wata, kika tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kika ce bayan idanunki ne ke ciwo. Ranar Juma'a na raka ki asibitin unguwa, aka ɗebi jini, aka ce zazzaɓin denge ne, wanda sauro ke kawowa. A watan nan mutum huɗu ne suka yi shi a beninmu, duk sun warke. Likita ya ce ki koma gida ki yi ta shan ruwa, ki riƙa zuwa kullum a duba jininki. Ya ce mu kula musamman da ranar da zazzaɓin zai sauka, don a lokacin ciwon ya fi haɗari. Da kunnena na ji ya faɗi haka. Mun je Asabar, mun je Lahadi. Lahadi da yamma zazzaɓin ya sauka. Kika ci shinkafa, kika yi wanka, kika yi waya da Ummi kusan awa guda.

Litinin da safe na fito na gan ki kin shirya. Kika ce akwai samfurin da kika turara tun makon jiya, in bai shiga na'ura ranar ba ya lalace, awa biyu kawai za ki yi, daga can ki wuce a ɗebi jinin. Kika ce, "Boleh lah, zan iya, Bashira, na ji sauƙi." Na dube ki na ce ai kuwa kin yi kyan gani. Abin da na ce ke nan. Ni ma ina da ganawa da malamina ƙarfe goma. Muka sauka tare, kika yi dama na yi hagu.

Ƙarfe ɗaya da rabi Farfesa Noraini ta kira ni ta ce kin faɗi a ɗakin gwaje-gwaje, kina riƙe da ciki, dasashinki na jini, suna hanyar asibiti. Da na isa kina magana. Kika ce in gaya wa Farfesa samfurin yana layi na biyu a cikin firij. Kika ce kada in gaya wa Inna tukuna. Likitoci sun yi duk abin da za su yi, na gani da idona. An sa miki ruwa, an sa jini. Talata da hantsi kika daina gane ni. Laraba da safe aka bar ni na shiga, na riƙe hannunki, ina karanta abin da ya zo bakina. Hannun da sanyi. Wata ma'aikaciyar jinya Bamalaya ta sunkuya tana maimaita miki kalmar shahada a kunne. Bayan ɗan lokaci ta miƙe ta dubi agogo.

Na fito na kira Malam Adnan a Kano. Can asuba ba ta yi ba. Na gaya masa da kalmomi biyar ko shida. Ya yi salati, sannan ya ce a yi miki sutura a nan, kada a ajiye ki jiran jirgi. Na ce to. Na kashe wayar na je na cike takardu. Takardun da yawa, kuma na cike su duka ba kuskure.

Washegari matan masallacin unguwarmu suka yi miki wanka. Ni na riƙa zuba ruwa. Da suka kwance miki kitso na tuna ni na yi miki shi, ranar Lahadi kafin ki fara zazzaɓin. A gida mata ba sa bin gawa, a nan suna bi, na bi. Jar ƙasa ce, ruwa ya jiƙa ta. Ɗalibai sun cika wurin, da 'yan kasuwar Sentul, da Farfesa da mutanen sashenku. Madam Foong ta rufe shagonta ta zo, ta tsaya a wajen shinge da lema, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba sai da kowa ya watse.

Tun kafin mu dawo daga maƙabarta maganar ta fara yawo a wayoyi. Wai gubar da kike wasa da ita ce ta ci ki. Wai ai a ɗakin gwaji kika faɗi. Wani ma, Allah Ya yafe masa, ya rubuta cewa karatu ne ya yi miki nauyi kika sha da gangan. Maganar ta tsallaka teku, ta isa Gwarzo, ta shiga kunnen mahaifiyarki kwana biyu da rasuwarki.

A zaman makoki na kwana uku, a falon wani ɗan'uwa a Titiwangsa, Alhaji Bilya ya miƙe bayan addu'a. Ya ce, "Jama'a, ni na sha abin nan, na san yadda yake kisa. Ba ya kawo zazzaɓi kwana huɗu, ba ya sa dasashi jini. Matar nan ita ta tsaya a kaina lokacin da nake gaba da ita. Duk wanda ya tura maganar nan ya goge ta, ya kuma nemi gafara." Ya zauna yana share fuska da hularsa. Na dube shi yana kuka, na ji kamar a talabijin nake kallonsa.

Ni ma ina faɗa a rubuce, don ya zauna. Takardar asibiti tana hannuna, na aika wa Malam Adnan kwafinta. Denge ne. Sauro ne ya cije ta, a gida ko a tashar bas, ba wanda ya sani. Husainatu ba ta taɓa sakaci da aikinta ba ko sau ɗaya, kuma ba ta gaji da rayuwa ba. Kuskuren da aka yi na fita ne ranar Litinin, kuma ina tsaye a wurin, ban hana ta ba. Malamai sun gaya mini kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani da haka. Duk da haka na rubuta shi, don wanda zazzaɓinsa ya sauka ya sani ba warkewa ba ce, ya je asibiti a ranar.

Shukarki ta huɗu ta isa tonowa a ƙarshen watan nan, kuma saiwar ba ta jira, in ta wuce lokaci ruɓewa take yi a ƙasa. Ranar Talatar da ta wuce Farfesa Noraini ta ɗauke ni a motarta muka hau tsaunin, da ma'aikata biyu na sashenku. Ni na san inda kike ajiye makullin. Su suka yi tonon, ni aka ba littafinki ina rubuta nauyin kowace saiwa a layin da kika riga kika ja, a ƙarƙashin lambobin da kika riga kika rubuta. Tsiro sittin da huɗu kika shuka, hamsin da tara suka ba da saiwa lafiyayya, ba ruɓa ko ɗaya. Farfesa ta riƙe wata a hannu ta daɗe tana juya ta. Ta ce za a ƙarasa gwajin, kuma sunanki ne zai zo farko a kan duk abin da aka buga. Na ce mun gode. Muka sauko da yamma, na tsaya a mamak na ce a ƙunsa mini abinci in tafi da shi. Sai da na hau sama na buɗe ledar na ga na mutum biyu na saya.

Jiya da yamma wayata ta yi ƙara, lambar Nijeriya da ban sani ba. Na ɗauka aka ce, "Bashira?" Muryarki ce. Yadda kike jan ƙarshen sunana, haka aka ja shi. Na zauna a ƙasa a inda nake tsaye. Aka ce, "Hassana ce, abokiyar tagwaicinta." Na san da ita, na sha ganin hotonku, amma ban taɓa jin maganarta ba. Ta ce ba za ta riƙe ni ba, tambaya ɗaya gare ta, kuma in gaya mata gaskiya.

"Ta sha wuya?"

Na ce Litinin ta sha. Talata da Laraba ba na jin ta san inda take.

"An yi mata shahada?"

Na ce an yi, a kunnenta na dama, har ta cika.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. To shi ke nan. Inna na gaishe ki." Ba wadda ta kashe wayar a cikinmu. Na ji kukan awaki a bayanta, da wani yana sallama a ƙofar gida. Mun kai minti biyar a haka kafin layin ya yanke da kansa.

Ya Allah, ga baiwarKa Husainatu 'yar Sha'aibu ta zo gare Ka daga ƙasar da ba tata ba. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka tabbatar da harshenta a wurin tambaya. Ka sa zazzaɓin da ta sha da baƙuncin da ta mutu a cikinsa su zama kankarar zunubi. Ka karɓi neman ilimin da ta bar gida dominsa, Ka sa abin da ta gano ya amfani bayinKa, ladan ya riƙa isa gare ta. Azumi na bakin ƙofa, ba ta riske shi ba. Ka rubuta mata ladan niyyarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta ba da 'yarta ga karatu ba ta ga dawowarta ba. Inna, ki kwantar da ranki, 'yarki ta cika da imani, kuma Musulmi da yawa sun sallace ta. Ina yi wa Malam Adnan ta'aziyya, shi da ya riƙe gida da yarinya shekara huɗu bai taɓa cewa ta dawo ba. Ina yi wa Hassana, da sauran 'yan'uwa na Gwarzo da Kano, da ɗalibanta, da dukkanmu da muke nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Ummi, shekararki tara, ba yanzu za ki karanta wannan ba. Ranar da kika karanta, ki nemi lambata a wurin babanki. Na san kabarin, layi na shida daga ƙofa, kusa da shinge. Zan kai ki.